Ƙwarin ajiya: abin da ke cinye wake da hatsi cikin buhu, da yadda ake maganinsa

Duk magidancin da ya taɓa sayen buhun wake da kaka, lokacin da tiya ke da rahusa, ya jingine shi cikin mangaza yana jiran bazara, ya san wannan labarin. A watan Oktoba wake ne fari tas. Zuwa Maris in an tura hannu cikin buhun sai a ji ɗumi, a fito da ƙwayoyi masu huji bibbiyu ko uku-uku, ga gari a tafin hannu, ga wani wari da wanki ba ya fitarwa. Mutane kan ce ƙwarin "daga cikin waken suke fitowa". Maganar tana da ƙamshin gaskiya: daga ciki suke fitowa, amma uwa ce ta saka ƙwai tun farko, sau da yawa tun waken yana gona.

Al'amarin ba ƙarami ba ne ga ƙasarmu. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma a shekaru masu albarka abin da ake samu yana wuce tan miliyan biyu. Wake shi ne kuɗin manomin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dosso, shi ne kuma naman talaka cikin shinkafa da wake, ɗan wake, ƙosai da beruwar Dogon Dutsi. Tsoron ƙwari yana cikin abin da ke tilasta ma manomi sayarwa da kaka a farashi mafi ƙasa, ya dawo ya sayi irin shuka da tsada a farkon damana.

Ƙwaron wake

Babban mai laifi shi ne wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, launinsa ƙasa-ƙasa da ɗigon baƙi a fukafukai. Abin mamaki game da shi: babban ƙwaron da ake gani yana yawo kan buhu ba ya cin wake. Kwanakinsa a duniya ba su wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma aikinsa kawai barbara da saka ƙwai. Macen tana manna ƙwanta ɗaya-ɗaya a jikin ƙwayar wake, tana iya saka daga 60 har zuwa 100. Waɗannan ƴan fararen ɗige-ɗigen da ake gani manne a jikin wake, waɗanda ba sa fita ko an murza, su ne ƙwan. Idan ɗigon ya yi fari fat, to tsutsa ta riga ta ƙyanƙyashe ta ƙasansa ta huda ta shige, garin da ta tono ne ya cika ɓawon ƙwan.

Tsutsar ce ke ɓarna. Tana zaune cikin ƙwayar tana ci har ta girma, ta rikiɗe, sannan ta yanke ƴar zagayayyar ƙofa ta fito a matsayin ƙwaro. Ƙwaya guda tana iya ɗaukar tsutsa uku, huɗu ko fiye. Cikin zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne. Sanyin hunturu yana ɗan rage masu sauri, shi ya sa mutum kan duba buhunsa a Disamba ya ga lafiya lau, ya saki jiki, sai zafin Maris da Afirilu ya tona asiri.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce cikin ƙwan mace guda, mata 20 kawai suka rayu. Bayan wata guda 20 ne, wata na biyu 400, na uku 8.000, na huɗu 160.000. Wannan daga uwa ɗaya ke nan. Shi ya sa waken da ya shigo da ƴan ƙwai kaɗan, waɗanda ido ba ya lura da su a kasuwa, yake iya hujewa kusan gaba ɗaya cikin wata shida in ba a yi masa komai ba.

Akwai ɗan'uwansa, Bruchidius atrolineatus, wanda masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka daɗe suna nazari. Shi ne ya fi yawa a gona, inda yake saka ƙwai a jikin kwanson wake tun yana ɗanye. Bayan an kai rumbu yakan hayayyafa na ɗan lokaci, sannan ya kwanta ya daina haihuwa har damana ta zagayo. Daga nan Callosobruchus ke karɓe fagen. Darasin da ke nan shi ne waken da ya bushe a gona aka bar shi yana jiran a gama girbin hatsi, kullum ƙwai ake ƙara masa.

Gujiya ma ba ta tsira daga dangin nan ba. Gyaɗa kuwa tana da nata, Caryedon serratus, wanda ya fi su girma, kuma yana rayuwa cikin ƴaƴan tsamiya da na kalgo. Tsutsarsa tana huda ɓawon gyaɗa ta shiga, in ta girma takan fito ta saƙa ma kanta ɗan gida kamar takarda a jikin buhu.

Mai dogon baki: ƙwaron masara, dawa da shinkafa

Wannan shi ne wanda matan gida ke tsincewa daga shinkafa: baƙi-baƙi, siriri, da baki mai tsawo kamar hauren giwa. Dangin Sitophilus ne, kuma biyu ne suka dame mu, na masara da na shinkafa, waɗanda ido ba ya iya bambantawa. Dukansu suna cin masara, dawa, shinkafa, alkama, har da taliya. In aka duba da kyau ana ganin ɗigo huɗu ja-ja a bayansu.

Halinsu ya saɓa da na ƙwaron wake. Babban yana ci, kuma yana rayuwa watanni. Macen tana huda ƙwayar da bakinta, ta saka ƙwai a ciki, ta liƙe ramin da wani ruwa mai danƙo, ta yadda ba a ganin alama ko kaɗan daga waje. A rayuwarta tana iya saka ƙwai 300 zuwa 400. Daga ƙwai zuwa ƙwaro kamar mako biyar ne. Hujin da yake fitowa ta ciki ba zagayayye ba ne sumul kamar na wake, yana da gefe-gefe.

Raunin wannan ƙwaron shi ne yana son laima. Ƙwayar da ta bushe ƙayau ba ta yi masa daɗi, shi ya sa ya fi ƙarfi a wajen Gaya da sauran kudancin ƙasa, da cikin masarar da ake shigowa da ita daga Benin da Najeriya, da kuma lokacin damana in iska ta yi nauyi. A nan ne ya kamata a yaba ma dabarar kakanni. Hatsin da aka ajiye da zangarniyarsa, damma-damma cikin rumbu, a busasshiyar iskar Sahel, yana iya shekara biyu ko uku ba tare da babbar asara ba. Ƙwayarsa ƙarama ce mai tauri, ƙaiƙayi kuma yana kare ta. Matsala takan fara ne in an sussuke an zuba a buhu an kawo gari, aka jera shi kusa da tsofaffin buhuna.

Sauran abokan tafiya

Ba mai dogon baki kaɗai ke cikin mangaza ba. Akwai ɗan jan ƙwaron gari, Tribolium, wanda ba ya iya huda lafiyayyar ƙwaya, sai dai ya bi fasassu da gari, kuma shi ne ke sa gari wari. Akwai Trogoderma, mai tsutsa mai gashi, wadda ke jure zafi da fari, tana kuma iya ɓuya cikin tsagar bango fiye da shekara ba ta ci komai ba. Akwai ƴan malam-buɗe-littafi da tsutsarsu ke haɗe ƙwayoyin hatsi da zare kamar yanar gizo. Sai babban mahudi, Prostephanus truncatus, baƙo daga Amurka ta Tsakiya, wanda ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, ya bazu cikin Afirka ta Yamma. Yana mayar da masara da busasshen rogo gari, har katakon rumbu yana hudawa. Mai sayen masarar kudu in ya ga gari da yawa yana zuba daga buhu, ya yi hattara.

Asarar ba ta nauyi kaɗai ba ce. Ƙwayar da aka cinye ma zuciya ba ta tsira in an shuka. Numfashin ƙwari yana kawo ɗumi da laima cikin buhu, laima kuma tana jawo fumfuna, wadda a masara da gyaɗa take iya haifar da gubar aflatoksin mai lahanta hanta. A kasuwa kuwa mai saye yana fara rage kuɗi tun daga hujin farko da ya gani.

Kafin a ɗaure buhu

Rabin maganin ana yin shi kafin ajiya. A tsince wake da zarar ya bushe, kada a jira. A shanya a kan tabarma, leda ko daɓen siminti, ba a kan ƙasa ba. A sheƙe da kyau a fitar da ƙaiƙayi, fasassu da tsinke.

Don sanin ko ƙwaya ta bushe, tsofaffi suna gatsawa: in ta fashe da ƙara, ta yi, in haƙori ya nutse, da saura. Akwai kuma gwajin gishiri. A sami busasshiyar kwalba, a zuba ƙwayoyi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran ruwa, a koma shanya. Masu na'urar awo suna neman kada laima ta wuce kashi 13 cikin 100.

Mangaza ko rumbu a share shi tas, a ƙone sharar, a liƙe tsagogi. Tsohon buhu shi ne babbar hanyar da ƙwari ke bi daga bara zuwa bana: a juye shi, a kakkaɓe, a tsoma a tafasasshen ruwa ko a shanya a rana mai zafi. Kada a haɗa sabon amfani da tsoho. Buhuna su hau kan katako, su kuma bar tazara da bango.

Mai saye a kasuwa ya tura hannu har tsakiyar buhu, kada ya tsaya ga na sama. Ya ɗebi ƙwaya ɗari ya duba farin ɗigo da huji. Ya kuma sansana: warin magani ba alamar kirki ba ce.

Hana su iska

A ganinmu, cikin duk hanyoyin da ake da su yau, wannan ce ta fi dacewa da gida da kuma ƙaramin ɗan kasuwa, don ba ta buƙatar guba ko kaɗan.

Buhun nan mai riɓi uku, wanda aka sani da PICS, ya samo asali ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken noma na arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa shi sosai cikin ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar, inda cibiyar INRAN ta Maraɗi ta gudanar da gwaje-gwaje da yawa a kansa. Mutanen karkara da dama suna tuna yadda aka riƙa ɗaure buhuna a gaban jama'a da kaka, a dawo bayan watanni a kwance su a gaban kowa. Da farko don wake aka yi shi, daga baya aka tabbatar yana aiki ga masara, dawa, hatsi, gujiya da sauransu.

Buhun leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. In an ɗaure, ƙwarin da ke ciki suna shanye iskar da ta rage da numfashinsu. Iskar oksijin, wadda take kashi 21 cikin 100 a sarari, sai ta faɗi ƙasa ƙwarai cikin kwanaki. Tsutsa ta daina ci, ta daina girma. Binciken Purdue ya nuna wani abu da ba a zata ba: ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin tsutsar da ke cikin busasshiyar ƙwaya da oksijin take sarrafa abincinta ta sami ruwan jiki. Ba iska, ba ruwa.

Yadda ake ɗaurawa shi ne komai. A fara duba kowace leda: a cika ta da iska, a riƙe baki, a matsa, a ji ko tana sacewa. A saka ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa. A zuba ƙwaya a hankali ana girgizawa don ta zauna, a bar wurin ɗauri a sama. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya ko tsinken roba. Sannan a yi ma ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su ukun da igiya guda kuskure ne da ake yawan yi.

Wani kuskuren shi ne buɗewa kowane mako a ɗebi na miya ko na tuwo. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. Wanda za a ci cikin wata ɗaya ko biyu a ware shi daban. Ɓera ma abokin gaba ne, don huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. In ba a huda ba, buhun yana yin shekara uku ana amfani da shi, kuma ƙaramin huji ana liƙe shi da salatif. A kula da jabu: buhun da ledarsa ke da sirantaka kamar ta sayayya ba zai riƙe iska ba. Kuma kada a taɓa rufe ƙwaya mai laima a ciki, ruɓewa za ta yi. Irin shuka da ya bushe da kyau yana tsira bayan an fitar da shi daga irin wannan buhu.

Bido da tano suna yin aiki iri ɗaya. Bido mai lita 25 yana cin kusan tiya takwas na wake. A cika shi har wuya, a sa ƴar leda a bakin kafin a murɗa marfi, a ajiye a inuwa, kada a buɗe kafin wata biyu. Wanda aka taɓa zuba fetur, gazuwal ko maganin feshi a ciki ba na abinci ba ne, ko an wanke.

Rana, toka da ganye

Zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa guda yana kashe ƙwaron wake a duk matakinsa, har ƙwai da tsutsar da ke ciki. Shanya ta yau da kullum ba ta cika kaiwa nan ba, sai dai ta kori manya. Amma in aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, aka ɗora baƙar leda, aka baza wake siriri, aka rufe da farar leda mai nuna ciki aka naɗe gefuna aka danne da duwatsu, awa biyu a tsakar rana sun isa. Bayan haka dole a rufe shi a wurin da sabbin ƙwari ba za su shiga ba, don rana ba ta barin kariya.

Toka dabara ce ta iyayenmu mata, kuma gwaji ya gaskata ta, da sharaɗin a sa da yawa: kwano guda na tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi ga kwano guda na wake, a gauraya cikin tulu ko randa, a rufe sama da wata tokar. Tana cike ratar da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya kasa motsi ya kasa barbara. Barbaɗa ɗan kaɗan ba ya hana komai. Lallausan rairayi ma ana yin haka da shi. Hanya ce mai kyau ga irin shuka, amma ba ta buhu goma ba.

Ganyen anza da ake shimfiɗawa tsakanin wake cikin rumbu yana fitar da wani tururi mai kashe ƙwari, ɗanyensa ya fi ƙarfi, kuma ya fi aiki a rufaffen wuri. Ganyen bedi da barkono suna ɗan kora, amma kada a dogara da su ga ajiyar wata shida. Man gyaɗa ko man bedi, kamar ƙaramin cokali guda ga kilo, in an murza shi ya game ƙwayoyin, yana kashe ƙwan da ke manne. Mai firigo mai daskarewa, in wuta ta tsaya, yana iya saka tiya ɗaya ko biyu cikin leda na kwana huɗu zuwa mako, sannan ya juye a bido.

Maganar guba

Nan ne haɗari yake. Ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa a kasuwanni, Phostoxin da ire-irenta, in ta sha laimar iska tana sakin iskar fosfin. Ƙwaya mai giram uku tana fitar da giram ɗaya na iskar. Tana kashe ƙwari, tana kuma kashe mutum, kuma ba ta da makari. An yi ta ne don ƙwararru su yi amfani da ita a rufaffen wuri da ba kowa, na aƙalla kwana biyar zuwa bakwai. Jefa ta cikin buhun saƙa aikin banza ne ta fuska biyu: iskar tana fita kafin ta kashe tsutsar ciki, sannan tana shiga ɗakin da yara ke kwana. Bango ɗaya tsakanin mangaza da ɗakin kwana ba kariya ba ne. Wanda ya ji wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, ga ciwon kai, amai da ƙuncin ƙirji, a fitar da kowa sarari a nufi likita nan take, a kuma faɗa masu abin da aka sa.

Piya-piya da sauran ruwan dikulorbos ba na zubawa kan abinci ba ne, haka ma hodar kashe kyankyaso da maganin feshin gona. Saboda yawan wannan sinadari cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma tun da kasuwarmu da tasu a haɗe take, abin ya shafe mu.

Akwai hodar da aka yi musamman don ajiya, irin su Actellic. Wanda zai yi amfani da ita ya tabbata tana cikin jerin da Kwamitin Sahel na Magungunan Ƙwari, na ƙungiyar CILSS, ya amince da su, ya bi awon da ke rubuce a jikin takardar, ya kuma jira wa'adin da aka faɗa kafin a ci. Ma'aikatan gidan gona na gunduma da na ma'aikatar kare tsirrai suna da wannan jerin, haka ma majalisun manoma na jihohi da ke ƙarƙashin RECA.

In ƙwari sun riga sun shiga

A fitar da buhun daga cikin sauran. A tankaɗe a fitar da manyan ƙwari da gari, a ƙone abin da ya fita, kada a watsar a tsakar gida. A yi masa zafin rana ƙarƙashin leda, a bari ya huce, a rufe a buhu mai riɓi uku ko bido. Hujin da aka riga aka yi ba ya komawa, amma ɓarnar tana tsayawa nan. Wajen dafawa, ƙwayoyin da aka cinye ma ciki suna tasowa saman ruwa, sai a kwashe. Wake mai huji da ba a sa ma guba ba ana iya cinsa. Wanda ya yi fumfuna, ya canza launi ko yake warin magani, ba na mutum ba ne, ba kuma na dabba ba.